Ayarin Dattawa: Daga Adar Zuwa Tarabulus

A tsofaffin biranen da ke bakin Bahar Rum, irin su Tunis da Marsai da Nafoli, akwai wata irin tafiya da ta yawaita a wannan zamani. Dattawa ne, maza da mata, waɗanda suka ajiye aiki, suke haɗa kuɗi su ɗauki jagora, su sauka a birni ɗaya su yi mako biyu ko fiye ba su ɗaga ba. Da hantsi su zaga unguwa ɗaya, da rana su huta, da maraice su zauna a yi musu bayanin abin da suka gani. Turawa suna kiran wannan tafiyar sannu, kuma a wurinsu abu ne na jiya-jiya. Sai a 1936 ne ma'aikacin Faransa ya samu hutun mako biyu tare da albashinsa. A 1973 Farfesa Pierre Vellas ya buɗe jami'ar tsofaffi ta farko a birnin Tuluz. A 1985 gwamnatin Sifen ta fara biya wa tsofaffinta wani kaso na kuɗin hutu a bakin teku.

A ƙasar Hausa kuwa, tafiyar dattawa cikin ayari zuwa bakin wannan teku ta girmi duk waɗannan da ɗaruruwan shekaru, ko da yake ba shaƙatawa ce take fitar da su ba. Aikin hajji ne, da neman ilimi, da fatauci. Abin tambaya shi ne: ta yaya mutum mai furfura ya iya ƙetare fiye da kilomita 2,000, mafi yawansu hamada, daga kwarin Majiya zuwa Tarabulus, a zamanin da babu mota babu asibiti? Amsar tana cikin kalma ɗaya da kowane Bahaushe ya sani, wato zango.

Adar a bakin hanya

Ƙasar da a yau ta ƙunshi gundumomin Madawa da Buza da Keita ta daɗe da ƙulla zumunci da arewa. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya karɓe Adar daga hannun Kabi, ya kafa gidan sarautar da daga baya ta zauna Ilela. Lisawan, masu riƙe da sarautar Keita, tare da shi suka sauko. Cikin ƙarni na 18 kuma Kel Geres suka baro Abzin suka zauna Adar da Gobir Tudu, wajen Galma da Arzarori, kusa da Madawa. Farfesa Djibo Hamani ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa kan Adar, wanda ya fito a 1975.

Tun daga lokacin hanyar arewa ba ta yi ciyawa ba. Kowace shekara raƙuman Kel Geres suna hawa da gero da tufafi, su bi ta Ingal da Agadas, su komo da gishirin Tigidda da kantun Balma, su wuce da shi har kasuwannin ƙasar Sakkwato. Manomin Majiya da bai taɓa ganin duwatsun Abzin ba, geronsa ya san hanya.

A Agadas ne hanyar gishiri take haɗuwa da babbar hanyar Turawa. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a tsohuwar Hausa, Larabawan arewa ake ce wa Turawa, shi ya sa unguwarsu a Kano har yau ake kiranta Dandalin Turawa. Daga Agadas ayari yana bi ta Iferwan ya faɗa hamada har Gat. Daga Gat hanya ta rabu biyu: ɗaya ta bi ta Gadamas, ɗaya ta bi ta Murzuk, dukkansu kuwa a Tarabulus suke ƙarewa. Ana hawa da jan fata da hauren giwa da gashin jimina da baƙin Kano. Ana saukowa da alawayyo da sukari da allurai da ruwan takobi da takarda. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake samu cikin gafakar tsofaffin malamai, a arewacin Italiya ake yin ta, kuma da yawanta ta Tarabulus ta shigo. Mafi yawan Adarawa a Agadas tafiyarsu take tsayawa. Masu wucewa gaba kaɗan ne: malamai, da maniyyata, da waɗanda aka tafi da su ba da son ransu ba.

Me ya sa sai dattijo?

Hajji yana da sharaɗin iko, iko kuwa a ƙasar noma ba ya samuwa da ƙuruciya. Sai mutum ya aurar da ƴaƴansa, ya tara ƴan dabbobin da zai sayar ya yi guzuri, ya damƙa gandu a hannun babban ɗa, ya biya bashi, ya bi gida-gida yana neman gafara, ya bar wasiyya. Kafin duk wannan ya kammala, gemu ya yi fari. Sallamar da ake yi da maniyyaci a wancan zamani ta yi kusa da ta mai barin duniya, domin tafiyar shekaru ce, kuma ba kowa yake komowa ba.

Babban misalin wannan tafiya a ƙasar Adar shi ne Malam Jibril ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa yake ƙauyen Arewa, kusa da Madawa. Sau biyu ya sauke farali. Lokacin da ya tashi tafiya ta biyu ya riga ya zama babban malami mai almajirai, cikinsu har da Shehu, wanda ya raka shi har Agadas. A nan malamin ya mayar da shi gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba, kamar yadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labari. Wannan kaɗai ya isa ya nuna tsarin zamanin: dattijo ya wuce, saurayi ya koma ya jira lokacinsa.

A Alƙahira Malam Jibril ya zauna gaban Murtala Zabidi, mai babban ƙamusun nan Tajul Arus, ya karɓi ijaza daga gare shi a 1198 ta Hijira, wato 1784. Da ya komo sai ya miƙa waɗannan ijazozi ga Shehu da Abdullahi. Ba don an yi doguwar tsayawa a Misira ba, da wannan silsilar ilimi ba ta iso Gobir da Adar ba. Mai gaggawa ba ya karɓar ijaza, domin ijaza sai an zauna an karanta.

Maniyyatan da suka bi arewa suna da zaɓi biyu. Waɗansu daga Murzuk suke karkata gabas, su bi ta Aujila da Siwa su shiga Alƙahira. Waɗansu kuwa sai sun kai Tarabulus, su jira ayarin alhazan Magrib da ke bin gaɓar teku, ko su shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariyya. Bayan an buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen hayaƙi suka riƙa kai mutum daga gaɓar Bahar Rum har Jidda.

Dokar ayari

Ayarin Hausa yana da tsari kamar na gari. Madugu shi ne uban tafiya, shi yake cewa a tashi, shi yake cewa a sauka. A ayarin goro na Gwanja akwai jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki mai daidaita maganar fito da kuɗin hanya da sarakuna, da malamin ayari mai jan salla da rubuta lissafi. A hamada kuma ana ƙara masanin hanya, Ba'abzine ko Balarabe, wanda ya san rijiyoyi da taurari. Raƙumi mai kaya yana cin kilomita 30 zuwa 40 a yini. Idan aka lissafa da wannan, tafiyar Adar zuwa Tarabulus ba ta wuce wata uku ba. Amma sau da yawa takan ci ninkin haka, saboda zango.

Tafiyar Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ta nuna yadda lokaci yake rabuwa. Ya bar Tarabulus a watan Maris na 1850. Ya yi fiye da wata ɗaya a Murzuk. Ya isa Gat a Yuli, ya shiga Abzin wajen ƙarshen damina, ya yi mako uku a Agadas cikin Oktoba. Daga nan ya zauna jiran raƙuman gishiri su komo daga Balma, sai a Disamba ya tashi tare da ayarin tsoho Annur, shugaban Kel Ewe na Tintellust. Bai shiga Kano ba sai Fabrairun 1851. Fiye da wata goma ke nan, kuma babban rabonsu a zaune aka ci shi.

A nan ne sirrin yake. Tsakanin rijiya da rijiya ba a jiran kowa, domin salka ba ta san girma ba. Idan ruwa ya ƙare, da yaro da babba duk ɗaya ne. Abin da ake yi wa dattijo shi ne a ɗora shi bisa raƙumi, a ba shi almajiri ko ɗa mai kula da butarsa da shimfiɗarsa. Amma da zarar an kai zango, sai komai ya tsaya: ana jiran raƙuma su yi kiwo su murmure, ana jiran ayarin wani gari ya iso a ƙara yawa saboda mahara, ana jiran zafi ya sauka. Cikin wannan jira ne ƙafar da ta kumbura take saɓewa, mai zazzaɓi yake tashi. Cikinsa ne kuma malami yake buɗe littafi, mai sana'a yake ɗinki ko dukanci ya ƙara guzuri, baƙo yake koyon harshen masu gari. Da Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, irin wannan tafiya yake nufi.

Birnin da ke ƙarshen yashi

Tarabulus ta girmi Musulunci da fiye da shekara dubu. Finikiyawa ne suka kafa ta da sunan Oya, Rumawa suka gaje ta, kuma har yau ƙofar marmara da aka gina wa sarkinsu Markus Oreliyus wajen shekara ta 165 tana tsaye kusa da tashar jiragen ruwa. Amru ɗan Asi ya ci birnin a 643. Sifaniyawa sun kama shi a 1510, Turkawan Usmaniyya suka karɓe a 1551. Daga 1711 zuwa 1835 gidan Karamanli ne yake mulki, kafin Istambul ta mayar da birnin hannunta kai tsaye.

Baƙon da ya fito hamada ba a gidan kowa yake sauka ba sai a funduƙ, wato masaukin fatake: tsakar gida mai faɗi, ɗakunan kaya a ƙasa, na kwana a bene. Zango ne da aka gina da dutse. Daga nan dattijo yana iya zaga birnin duka da ƙafa cikin ƴan kwanaki, domin tsohon birni ƙarami ne, lungunansa matsattsu masu inuwa. Ga Jan Gidan Sarauta da ke kallon teku, ga kasuwar Turkawa mai rufi, ga masallacin Ahmadu Basha Karamanli, ga na Gurji da aka gama a 1834, ga kuma wanda ake ɗauka ya fi su tsufa, Jami'un Naƙa, wato Masallacin Taguwa. Mutumin da ya yi watanni bisa raƙumi, da wuya wannan suna ya wuce shi bai yi murmushi ba.

Ba kuma baƙunta ce ta kurma ba, domin ana jin Hausa a Tarabulus. Attajiran Gadamas da ke da gidaje a Kano da Damagaram sun iya ta, barorinsu ma haka. Saboda haka ne Turawan da ke son koyon harshen suka riƙa farawa daga can: Gottlob Krause ya koyi Hausa a Tarabulus, Charles Robinson kuma ya bi ta Tarabulus da Tunis kafin tafiyarsa ta Kano a 1894.

Waɗanda ba a jira ba

Tarihin zango yana da wata fuska da bai kamata a rufe ba. Hausawa da yawa da ke Tarabulus ba da ƙafar niyya suka je ba. Hanyar da ta kai malami ita ce ta kai bawa, kuma hutun da aka tanadar wa mai guzuri ba a tanadar wa wanda ke cikin mari ba. Denham da Clapperton, da suka bi hanyar Murzuk zuwa Borno a 1822, sun ba da labarin ƙasusuwan bayi warwatse kewaye da rijiyar Mashru. Daular Usmaniyya ta hana cinikin bayi baƙaƙe a 1857, amma an ci gaba da shi a ɓoye shekaru da dama.

Daga cikin waɗanda suka tsira ne aka samu unguwar bukkoki a bayan ganuwar Tarabulus, da gidajen bori na can da na Tunis, waɗanda Tremearne ya rubuta littafi a kansu a 1914. Har yau a kiɗan sitambali na Tunisiya ana jin kalmomin Hausa da na Barebari a bakin mutanen da ba sa jin harsunan. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, daga baya aka ƴanta shi, ya isa Tarabulus tare da Barth a 1855, ya wuce har Landan, ya kuma ba da labarin tafiyarsa da Hausa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma, a cikin Shaihu Umar, wannan hanya ce ya bi da mahaifiyar Umar, tana neman ɗanta, har ta ƙare a Tarabulus a hannun masu bauta. Girmama tsufa a ayari gaskiya ne, amma girmamawa ce mai iyaka: ta tsaya ga ɗa, ba ta kai ga bawa ba.

Yadda hanyar ta mutu

Cikin shekara ashirin hanyar da ta yi ƙarnoni ta rufe. A 1901 sojojin Faransa suka karya Kel Geres a Galma, aka shiga karɓar raƙuma don aikin Nasara. A 1911 layin dogo ya iso Kano, kayan da ke cin watanni a hamada suka riƙa zuwa cikin kwanaki. A Oktoban wannan shekara Italiya ta kai wa Tarabulus hari ta kama ta. Yaƙin Kaosan na 1916 zuwa 1917, da ramuwar da Faransa ta yi bayansa, suka watsa mutanen Abzin da dukiyarsu.

Maniyyata sai suka juya gabas gaba ɗaya: Kano, Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Fashir, Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912, har Sawakin da Port Sudan a bakin Bahar Maliya. Wannan hanya ma ta zango ce, har ta fi ta arewa. Iyali sukan yi damina ɗaya ko biyu a wuri guda suna noma ko tsinkar auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, kafin su ƙara gaba. Waɗansu zangon ya zame musu gida, kamar mutanen Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga baya manyan motoci suka rage shekaru zuwa watanni, jirgin sama kuma ya rage watanni zuwa sa'o'i.

Hanyar Tarabulus ta sake farfaɗowa bayan an samu man fetur a Libiya, amma da wata kama. Bayan farin 1973 da na 1984, samarin jahar Tawa suka ƙara yawan fita ci-rani, waɗansu kudu, waɗansu arewa. Yanzu saurayi ne yake hawa bayan Hilux daga Agadas ya bi ta Dirku zuwa Sabha cikin ƴan kwanaki, dattijo kuma yana gida yana jiran kiran waya. Tun yaƙin 2011 hanyar ta ƙara haɗari. Motar da ta lalace tsakanin rijiyoyi ba ta da madugun da zai amsa tambayar iyaye.

Kammalawa

Babu mai hankalin da zai so a koma zamanin raƙumi. Jirgin da ke kai alhaji daga Yamai zuwa Jidda cikin sa'o'i biyar zuwa shida ya ceci rayuka da yawa, ya kuma buɗe ƙofar hajji ga mata da talakawan da a da ba su ko mafarkinta. Sai dai da aka jefar da wahalar hanya, an haɗa da zango an jefar. Tsohon da ya tashi daga Buza yau, gobe yana cikin cunkoson miliyoyin mutane, jikinsa bai saba da zafin wurin ba, kunnensa bai saba da harshen ba. A hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar mutuwar mutum 1,301 cikin tsananin zafi, da yawansu tsofaffi ne da suka yi doguwar tafiyar ƙasa ba inuwa ba hutu. Masu shirya tafiyar maniyyata suna da abin ɗauka daga tsarin ayari: ƙaramin rukuni mai shugaba sananne, da matashi mai kula da kowane tsoho, da kwanakin hutu da aka sa cikin lissafi tun kafin a tashi.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su ma suna da nasu rabon aikin, kuma ba ya jira. A garuruwan Majiya akwai sauran alhazan ƙasa, waɗanda suka bi hanyar Cadi da Sudan a mota ko da ƙafa, akwai kuma ƴaƴan waɗanda suka yi rakiyar raƙuman gishiri. Kowane ɗayansu yana riƙe da sunayen zanguna da rijiyoyi da masu masauki waɗanda babu su a wani littafi. Ɗalibin da aka tura da wayar salula ya ɗauki muryar kakansa ya yi aikin tarihi na gaske, ya kuma samu abin rubutawa da Hausa da Faransanci.

Ita ma tafiyar sannu ba sai an je bakin Bahar Rum ba. Ƙungiyar tsofaffin malamai tana iya ɗaukar mota ɗaya ta sauka Madawa, ta ziyarci kabarin Malam Jibril a Arewa, ta kwana, ta zauna da dattawan Galma da Arzarori, ta wuce Keita da Ilela, idan hanya ta yi lafiya ta kai har tsohon birnin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Sharaɗin ɗaya ne, shi ne wanda madugai suka bari: kada a tashi daga zango sai mafi tsufan ayari ya ce ya huta.